Wa Zai Kori Shanun? Martani Kan Filin Jirgin Azare

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci daga wannan yanki namu ya kawo shawara kan ƙaramin filin saukar jirgin da ke Azare. Ya ce a tsawaita titin, a shimfiɗa masa kwalta mai kyau, a gayyato kamfanonin jiragen fasinja, kada a tsaya ɓarnar kuɗi wajen gina hasumiya da ɗaukar ma'aikatan da za su wuni cikinta suna hamma. Hujjojinsa uku ne. Amurka na da dubban filaye marasa hasumiya, kuma jirage na sauka lafiya lau. Matuƙi yana da ido, yana da rediyo. Sannan jirgi nawa ne ma zai riƙa zuwa Azare a mako, da har za a ji tsoron wani ya yi karo da wani?

Kan buƙatar filin, ba ni da ja da Malam. Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci daga nan Dagauda zuwa Bauchi, ko ya ga an ɗauki marar lafiya a bayan mota ana neman Kano da shi, ya san nisan da ke tsakaninmu da jirgi. Azare kuma ba ƙauye ba ce. Fadar Sarkin Katagum na nan, ga babban asibitin gwamnatin tarayya, ga jami'ar kimiyyar lafiya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gaɗau. Gari irin wannan ya cancanci jirgi. Inda muka raba hanya da Malam shi ne cewar da ya yi titi kaɗai ake buƙata, saura duk ado ne.

Maganar Amurka gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa. Ƙasar na da filaye kusan 5,000 da kowa ke iya sauka, masu hasumiya kuwa 500 ne da 'yan kai. Abin da bai faɗa ba shi ne abubuwan da suka tsaya a madadin hasumiyar. Kowane fili yana da zangon rediyonsa a rubuce cikin taswirar matuƙa. Da yawa suna da na'urar da ke karanto iska da yanayi ba dare ba rana. Idan gari ya rufe, cibiyar da ke kula da sararin yankin ba ta sakin jirgi na biyu sai na farko ya sanar cewa ya sauka. Da duk wannan tanadin, ga abin da ya faru a garin Quincy na jihar Illinois ranar 19 ga Nuwamba, 1996.

Da yamma ne, wajen ƙarfe biyar, gari garau. Jirgin fasinja na United Express, ƙirar Beechcraft 1900, yana gangarowa da mutum 12 a ciki. Filin na da tituna da suka gitta juna, babu hasumiya. Matuƙiyar, mace ce, ta yi duk abin da littafi ya ce. Tun daga nesa take sanarwa a rediyo cewa ga ta nan, ga titin da za ta sauka. A bakin ɗaya titin akwai ƙananan jirage biyu suna jiran tashi: King Air a gaba, wani ƙaramin Cherokee a bayansa. Da ta kusa ƙasa sai ta tambaya, shin wanda ke bakin titin zai jira ne ko tashi zai yi? Na cikin King Air ba su amsa ba. Mai Cherokee, wanda ba da shi ake ba, shi ya amsa cewa yana nan tsaye yana jira. Ƙarshen maganarsa, inda ya ambaci King Air ɗin da ke gabansa, ya zo daidai da lokacin da wata na'ura a cikin jirgin fasinjan ta yi magana tana sanar da tazarar da ta rage zuwa ƙasa. Muryar na'ura ta danne ta mutum. Matuƙiya ta ji an ce ana jira, hankalinta ya kwanta, ta sauka. King Air kuwa ya riga ya taka wuta. Suka haɗu a mahaɗar titunan.

Karon kansa bai kashe su ba. Wasu matuƙa da ke filin sun ruga, suka tarar da matuƙiyar da ranta, ta leƙo ta taga tana roƙon a buɗe ƙofa. Ƙofar ta ƙi buɗuwa. Babu 'yan kwana-kwana a bakin aiki a filin, sai da aka taso daga cikin gari. Wuta da hayaƙi suka cinye mutum 14, sha biyu a wannan, biyu a wancan. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora babban laifin kan matuƙan King Air, saboda ba su saurari rediyo yadda ya kamata ba, ba su kuma waiwaya sun duba ba. Babbansu kuwa ba ɗan koyo ba ne, tsohon kyaftin ne da ya yi ritaya daga babban kamfanin jirage na TWA.

Malam ya duba da kyau. Mutum uku, kowa da ido, kowa da rediyo, kowa na jin Turanci kamar ruwa, a ƙasar da yake kafa mana hujja da ita. Abin da aka rasa shi ne mutum na huɗu, wanda ba ya tuƙin komai, wanda aikinsa kawai ya kalli titi ya ce wane tsaya, ko aƙalla ya ce wane, ga wane can ya motsa.

Kada a ce tsohon zance ne. Ranar 22 ga Janairu, 2022, a filin Hayden na jihar Colorado, jirgin JetBlue ƙirar Airbus A320 ya hau titi zai tashi. Titin ɗaya ne, amma kowane titin jirgi suna biyu gare shi, gwargwadon ɓangaren da aka fuskanta. A Hayden, mai fuskantar gabas yana kan lamba 10, mai fuskantar yamma yana kan lamba 28, kwalta ɗaya. Wani King Air ya yi ta sanarwa cewa zai sauka a 28. Matuƙan JetBlue suka sa a ransu cewa ta bayansu zai zo, don haka suka ga gara su yi sauri su ba shi wuri. Sai da suka fara gudu suka gane gaba da gaba suke. Kyaftin ya fizgi jirgin sama kafin gudunsa ya kai, jela ta daki kwalta, jirgin ya lalace, dole suka karkata zuwa Denver. Ba a rasa rai ba. Direbobin hanyar Azare zuwa Potiskum sun san irin wannan tun lokacin da ake aikin tagwaita ta, sa'ad da ake mayar da motoci hannu ɗaya: kowa na da fitila, kowa na da oda, amma kowa ya ɗauka hannunsa ne.

To, batun ido. Ido ba mudu ba ne, an ce, amma ya san kima. Na yarda, idan an ba shi lokaci. Jirgin fasinja na dosar titi da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato yana cinye kilomita guda cikin daƙiƙa 14 ko 15. Idan wani na tahowa ta gaba da kilomita 200 a awa, tazarar nan ta kilomita guda daƙiƙa takwas ce. Injin babban jirgi kuwa ba na babur ba ne da za a murɗa ya zabura nan take, yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kawo ƙarfin da zai sake ɗaga jirgin. Ga kuma wani abu da ake koya wa kowane ɗalibin tuƙi: jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashinka. Yana nan wuri ɗaya kamar ɗigon datti, yana ƙara girma a hankali, sai a ƙarshe ya cika gilashin gaba ɗaya. Idon ɗan Adam kuwa abin da ke motsi yake saurin kamawa. Hancin jirgi na rufe abin da ke ƙasa, fiffike na rufe abin da ke gefe.

Wannan duk a garin da ya waye tas ke nan. Malam ɗan ƙasar nan ne, ya san hunturu. Tsakanin Disamba da Fabrairu akwai ranakun da mutum zai tsaya bakin titi a Dagauda da hantsi ya ji rurin tirela tun kafin ya ga fitilarta, rana ta koma fara fat kamar wata, bishiyar da ke ƙetaren gona ta ɓace. A irin waɗannan ranaku ake soke tashin jirage a Kano da Maiduguri, filayen da ke da hasumiya da na'urori. Ranar da hazo ya yi tsanani ba ta ba ni tsoro, domin ba wanda zai tashi. Wadda ke ba ni tsoro ita ce ta tsaka-tsaki, wadda doka ta yarda a sauka amma ido ba ya kai wa ƙarshen titi.

Hujjar da Malam ya fi jin daɗinta ita ce ta ƙarancin jirage, ni kuma ita na fi jin tsoro. Da a ce jirgi ɗaya ne a sararin Najeriya, da ba mu yi musu ba. A Nuwamban 1925, lokacin da jiragen sojan saman Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a filin folo na Kano, ba su nemi hasumiya ba, don babu wani jirgi a sama sai su. Amma jiragen ƙasar nan ba a rarrabe suke zuwa ba kamar sallolin farilla. Sai a yi wata guda ba a ga ko ɗaya ba, rana ɗaya kuma su zo a tare. Wa ya manta yadda jiragen shata suka cika filin Kano a Agustan 2021, lokacin ɗaurin auren ɗan Shugaba Buhari a Bichi? Ko yadda suka yi dafifi a Minna a 2017 don bikin 'yar Janar Babangida? Katagum ƙasar manya ce. Ranar naɗin sarauta, ranar ta'aziyyar wani babba, ranar da ɗan takara zai zo kamfe, a ranar ne jirgin gwamna da na minista da na attajiri da mai saukar ungulu na jami'an tsaro za su nemi titi ɗaya cikin awa biyu. Kowane matuƙi da maigida a bayansa yana duba agogo, yawancinsu kuma ba su taɓa sauka a filin ba. Idan abin ya faɗo ƙarshen damina, a ƙara da ɗan jirgin feshin da ke bin tsuntsaye jan-baki a fadamun Haɗeja da Jama'are, wanda ke tafiya ƙasa-ƙasa, yana sauka yana tashi don ɗibar magani. Cikin wannan hayaniya ne jirgin fasinja mai mutum 50 ko 70 zai shigo a kan lokacinsa.

Sauran kwanakin shirun kuma su ne ke koya wa kowa sakaci. Matuƙin da ya sauka sau ashirin bai tarar da kowa ba, a na ashirin da ɗaya bakinsa ne zai yi sanarwa, kunnensa na wani wuri.

Har yanzu ma ban zo inda gizo ke saƙar ba. Duk tsarin da Malam ya kwaso daga Amurka an gina shi ne kan zaton cewa abin da zai shiga titi yana da rediyo. Saniya ba ta da shi. A Yulin 2005 jirgin Air France ƙirar Airbus A330 da ya taso daga Paris ya sauka Fatakwal kafin gari ya waye, ya afka cikin garken shanu a kan titi. Allah ya kiyaye mutanen ciki, shanu suka mutu, jirgi ya lalace. A Fabrairun 2018 jirgin Air Peace daga Legas ya iso Akure da tsakar rana ya tarar da shanu a titi, ya dakata a sama sai da aka kore su. Na san Malam zai ce to ai ga shi, a Akure matuƙin ne ya hango su, a Fatakwal kuma akwai hasumiya amma ba ta hana ba. Haka ne. Sai dai na Akure tsakar rana ce. Kuma da ya hango su, wa ya gaya wa? Hasumiya. Wa ta tura? Jami'an tsaron filin. A tsarin Malam, matuƙin zai yi ta kewaya sama yana kallon shanu, shanu na kallonsa, har mai ya ja baya ya juya.

Mu kuwa muna zaune ne a kan hanyar kasuwar shanu ta Potiskum, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Kuma ba shanu kaɗai ba. Bayan kaka, Malam ya bi titi daga nan zuwa Dambam ya kalli gefen kwalta: wake ne, masara ce, barkono ne, an baza an tokare da duwatsu, yaro na zaune da sanda yana korar awaki. Mai shanyar nan bai ɗauki kansa mai laifi ba. Wuri ya gani mai santsi, babu ƙasa babu tsakuwa, rana na dukansa. Yanzu a ba shi kwalta mai tsawon kilomita biyu, shimfiɗaɗɗiya, wadda jirgi ke taɓawa sau biyu a mako. Kafin wata uku masu shanya sun samu wuri, masu koyon mota sun samu fili, samari sun kafa raga, ɗan acaɓa ya gano cewa ta nan ne yanke. Ba mugunta ba ce, haka mutane suke a ko'ina idan aka bar wuri babu mai shi.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Hasumiya ba laya ba ce. Haɗari mafi muni a tarihin jiragen sama, wanda ya ci mutum 583 a tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris, 1977, a kan titi ya faru, hasumiya na tsaye. Na filin Linate a Milan, 8 ga Oktoba, 2001, inda jirgin SAS ya yi karo da ƙaramin Cessna cikin hazo mutum 118 suka mutu, shi ma haka. Na Haneda a Tokyo, 2 ga Janairu, 2024, haka. Kuma na san abin da ke cin ransa: kada a ce sai an tara biliyoyin gina doguwar hasumiya mai gilashi, a ba ɗan kwangila, a yi shekara goma ana jira. Wannan tsoron nawa ne ni ma. Sai dai tsakanin doguwar hasumiya da babu kowa akwai tazara mai faɗi, Malam ya tsallake ta kamar bai gani ba.

Shinge ne farko, tun kafin a ƙara wa titin ko taku ɗaya. Ba kuma shingen da za a datse burtali da shi a wayi gari an yanke waya ba. A zauna da ardo da masu unguwa da masu gonakin gefe, a fitar wa dabbobi hanya, a ɗauki 'ya'yan wurin aikin gadi. Bayan shinge sai ɗaki ɗaya mai tagogi da ke kallon titi, da rediyo, da hasken rana da batir, da ma'aikaci mai horo. Wannan ba sabon abu ba ne, tsari ne da hukumar jiragen sama ta duniya ta san da shi, ana kuma aiki da shi a ƙananan filaye a Turai da wasu wurare. Ma'aikacin ba ya ba da umarni kamar jami'in hasumiya, bayani yake bayarwa: ga iska, ga inda ido ke kaiwa, ga jirgi kaza a wuri kaza, titi a share yake ko ba a share yake ba. Kafin kowace sauka mota ta bi titin daga wannan kai zuwa wancan, mai ita riƙe da oba-oba. Motar kashe gobara kuma ta kasance a wurin da ruwanta da kumfarta da mutanenta, domin mutanen Quincy ba karo ne ya kashe su ba. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964, ba sai an je wata ƙasa neman horo ba.

Shi ma ma'aikacin ba zai yi amfani ba sai da doka mai haƙori. Ranar 11 ga Fabrairu, 1978, a Cranbrook ta ƙasar Kanada, akwai irin wannan mai rediyo a ƙasa. Ya gaya wa matuƙan wani Boeing 737 na kamfanin Pacific Western cewa ana share dusar ƙanƙara a titi. Amma lokacin isowar da aka ba shi daga Calgary ya yi nesa da gaskiya, matuƙan kuma ba su sake kira ba da suka matso. Suka taɓa ƙasa, suka ga motar shara a gabansu, suka yi ƙoƙarin sake tashi, jirgin ya kife. Fiye da mutum 40 suka mutu. Yau a Kanada akwai filayen da doka ta wajabta wa kowane matuƙi ya kira a wurare sanannu, ya kuma saurara. A Amurka, a yawancin filaye marasa hasumiya, sanarwar nan shawara ce, har jirgi marar rediyo ma na iya sauka. In dai kwaikwayo za mu yi, na Kanada ya fi dacewa da mu. Ya kamata hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta rubuta a fili: babu rediyo babu sauka, babu sanarwa tun kafin a taso babu sauka, kuma idan ma'aikaci ya ce titi ba a share yake ba, ko jirgin wa ye sai ya jira. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya a ƙasar nan. Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya faɗa wa jirgin gwamna haka ba sai ya tabbata takardar da ke bayansa ta fi wayar da za a buga wa shugabansa ƙarfi.

Wani zai kawo zancen hasumiyar nesa, irin wadda Suwidin ta fara a 2015, inda kyamarori ke kallon filin Örnsköldsvik jami'ai kuma na zaune a Sundsvall suna ba da hannu. Abin sha'awa ne, wata rana ma ƙila a kula da Azare da Potiskum da Nguru daga ɗaki ɗaya a Kano. Amma tsarin na rayuwa ne kan lantarki da intanet da ba sa ƙiftawa, mu kuwa katafila ɗaya ta masu aikin titi ta isa ta tsinke wayar da ta haɗa jihohi uku.

Abin da ban gani ba ko kaɗan a lissafin Malam shi ne albashi. Ya ƙirga kwalta, ya ƙirga fenti, bai ƙirga mutum ba. Kwalta sau ɗaya ake biya a yanka kyalle a ɗauki hoto. Mai gadi da mai rediyo da 'yan kwana-kwana da man motar sintiri kuwa duk wata ne, har bayan gwamnan da ya gina ya sauka. A nan ne filayen jihohi ke durƙushewa, shi ya sa waɗanda suka gina nasu suka yi ta neman gwamnatin tarayya ta karɓa. Filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi ya fara aiki a 2014, sabo fil. A Disambar 2015 duniya ta ga hoton fasinjojin Aero Contractors suna saukowa daga Boeing 737 a kan tsani irin na magina, don matakalar saukar fasinja ba ta samu ba. Wannan a babban birnin jiha ke nan, inda manya ke sauka kullum. Saboda haka idan Malam zai sake ɗaukar alƙalami, ya kawo mana adadin mutanen da za su tsaya a filin Azare daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da abin da za su ci a shekara biyar, da wanda zai sa hannu ya biya, jiha ce ko hukumomin jiragen sama na tarayya, NAMA ko FAAN.